BABI NA UKU: DAGA RANDA ZUWA JARKA, TARIHIN KAYAN DAFA BURKUTU A BIRNIN SAKKWATO

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an kawo bayanin matsayin giya a rayuwar Bahaushe kafin Musulunci ya kafu, da kuma hukuncin da shari'a ta yanke a kanta. Shi kuwa wannan babi zai dubi kayan aikin da ake dafa burkutu da su, da mazuban da ake ajiye shi a ciki, da yadda suka yi ta sauyawa a birnin Sakkwato tun daga zuwan Turawa a shekarar 1903. Ana iya tambaya, me zai sa a tsaya nazarin tukunya da duro a kan abin da addini ya haramta, a garin da yake cibiyar Daular Usmaniyya? Dalili shi ne, masu wannan sana'a ba su bar rubutu ba, kuma ba mutane ne da ke son a san da zamansu ba. Saboda haka kayan aikinsu su ne shaidar da ta fi saurin faɗin gaskiya a kansu. Ra'ayin da babin zai kare shi ne, ba ci gaban zamani kaɗai ya raba mai burkutu da randa ya haɗa ta da duro da jarka ba. Doka, da irin matsugunin da dokar ta tura ta, su ne suka fi yin tasiri a kan abin da take zaɓa.

3.1 Aikin da Kayan ke Yi

Ba a fahimtar zaɓen mazubi sai an san aikin da zai yi. Burkutu giya ce ta dawa, wani lokaci a haɗa da gero, kuma yana da 'yan'uwa a faɗin Afirka ta Yamma: a Barkina Faso da Mali ana ce da irinsa dolo, a arewacin Binin da Togo cukutu, a Kamaru da Cadi bilbil. Bambancinsa da fito shi ne, fito ana tace shi ya yi garau, shi kuwa burkutu yana da kauri da tsami.

Ana fara jiƙa dawa a ruwa ta kwana, a tsame, a shanya ta a inuwa bisa tabarma ko ganye, a rufe, ana yayyafa mata ruwa safe da yamma har kwana huɗu ko biyar, sai ta yi tsiro. Wannan tsiro shi ne asirin aikin, domin a cikinsa ne sinadarin da ke mayar da garin hatsi ya zama zaƙi yake fitowa. Daga nan a shanya a rana, a niƙa, a dama da ruwa, a bari ya kwanta. Ruwan saman ana tsiyaye shi a ajiye gefe, a dafa gasarar da ta kwanta, sa'an nan a mayar da ruwan nan a kanta. Hikimar da ke cikin wannan ba ƙarama ba ce. Garin dawa ba ya nuna sai da wuta mai ƙarfi, alhali wutar nan tana kashe sinadarin tsiron, don haka sai aka raba su, aka dafa ɗaya aka tsare ɗaya. Bayan haɗawa ana bari ya kwana ya yi tsami, a sake dafawa na sa'o'i masu yawa, a sauke ya huce, a zuba ragowar tsohon dahuwa a matsayin gami, a rufe shi ya tashi.

Ke nan kowace mai dafawa tana bukatar mazubi iri uku: na jiƙo, na dahuwa, da na tashi. Ga kuma ƙananan kaya, wato dutsen niƙa, da muciya mai tsawo, da mataci na saƙar kaba ko ƙyalle, da masaki na kwasa, da ƙoƙon awo. Abu na biyu da ya kamata a lura da shi shi ne, aikin yana cin kusan mako guda, yana cin ruwa da itace masu yawa, kuma hayaƙinsa da warinsa ba su ɓoyuwa ga maƙwabta.

3.2 Zamanin Yumɓu

An kafa birnin Sakkwato a shekarar 1809 a hannun Muhammadu Bello, shekara biyar da fara jihadi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Kitabul Farƙi ya lissafa ci da shan abin da aka ga dama, ba tare da duban halal ko haram ba, a cikin aibobin mulkin sarakunan da ya yaƙa. Idan aka haɗa wannan da abin da aka faɗa a sama game da hayaƙi da wari, za a ga cewa cikin ganuwar Sakkwato ba wurin girka tukwanen giya ba ne a ƙarni na 19. Gidan sana'ar yana karkara: a unguwannin Maguzawa da Arna, da kuma ƙasashen Dakarkari da Kambari da Dukawa a kudu. A can giya ba haja ba ce kawai. Ita ake ba 'yan gayya bayan noma, ita ake zuba wa iskoki, ita ake sha a bukukuwan kaka irin su Uhola na ƙasar Zuru. Littafin J. H. Greenberg na 1946 a kan Maguzawan ƙasar Kano ya nuna irin wannan matsayi da giya ke da shi a tsafi da biki.

A irin wannan zama, kayan aikin duk na ƙasa ne, kuma na dindindin ne. Tukwanen dahuwa manya ne masu faɗin baki, ana girka su a murhun da aka gina da laka, sau da yawa biyu ko uku a jere a kan wuta ɗaya, a shafe tsakaninsu yadda zafi ba zai tsere ba. Tukunyar da aka girka haka ba a sauke ta sai ta fashe. Randar tashi kuwa ana binne gindinta a ƙasa cikin ɗaki ko ƙarƙashin rumfa.

Zaɓen tukunya ilmi ne mai zaman kansa. Mai saye tana ƙwanƙwasa ta da yatsa ta saurara: wadda ta gasu sosai tana amsawa da ƙara mai kaifi, wadda ke da ɓoyayyen tsagu ko ba ta ji wuta ba tana amsawa a dushe. Ana duban kaurin gindi, domin nan ne wuta ke ci, muciya kuma ke duka. Ta dahuwa ana son bakinta da faɗi saboda juyawa da kwashe kumfa, ta tashi kuwa ana son wuyanta ya ɗan tsuke don a rufe da faifai. Sabuwar tukunya ba a fara aiki da ita kai tsaye, sai an dafa dusa ko ruwan gasara a ciki ya toshe ƙofofin jikinta ya kuma kashe warin ƙasa. Wadda ta taɓa ganin mai ko miya ba ta shiga wannan aiki, domin maiƙo yana kwantar da kumfa ya ɓata ɗanɗano.

Abin da ya fi jan hankali shi ne darajar tsohuwar randa a kan sabuwa, saɓanin yadda aka saba a sauran kayan gida. Jikin yumɓu yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kuma ƙwayoyin yisti da ke tayar da giya suna maƙalewa a cikinsu daga dahuwa zuwa dahuwa. Randar da ta daɗe tana aiki takan tayar da giya ko da gamin da aka zuba kaɗan ne, kuma ɗanɗanon gidan yakan zauna iri ɗaya. Shi ya sa ba a wanke ta da sabulu, ɗauraya kawai ake yi. Bugu da ƙari, randa tana zufa, iska na busar da zufan, abin da ke ciki ya yi sanyi. A ƙasar da zafin bazara ke wuce digiri 40 wannan ba ƙaramin amfani ba ne, domin zafi mai yawa yana gaggauta tsami ya mayar da giyar ruwan tsami tun ba a sayar ba.

Sakkwato kuwa ba ta rasa magina ba. Wani Bature mai suna W. E. Nicholson ya rubuta bayanin maginan tukwanen garin a mujallar Man a 1929 da 1931, inda ya kawo Adarawa da Zoromawa da Rumbukawa. Su dai maginan nan tulu da randa da tukunyar tuwo suke ginawa don amfanin gida. To amma randar ruwa da randar giya jiki ɗaya gare su, kuma mai sayarwa a kasuwa ba ya tambayar abin da za a zuba. Wannan ya sa lokacin da sana'ar ta iso bakin garin, ba ta sha wahalar samun kayan farawa ba.

3.3 Bariki, Garwa da Duro

A ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato bayan karon da aka yi a Giginya, zamanin Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Turawa suka kafa mazauninsu da barikin soja a wajen ganuwa, kuma tawayen Satiru na 1906 ya ƙara tabbatar musu da bukatar ajiye soja a wurin. Da haka aka sami wani sabon abu a tarihin garin, wato fili a gefen birni wanda hukuncin alƙali bai cika isa gare shi ba, cike da maza masu albashi, da yawansu ba Musulmi ba. Mutanen ƙasar Zuru sun yi suna wajen shiga aikin soja, kuma matansu sun taso da sanin dahuwar giya tun daga gida. A nan ne burkutu ya tashi daga abin biki ya koma abin sayarwa a kowane mako.

Dokar Turawa ma ta taimaka ta inda ba ta nufa ba. Yarjejeniyar Burasel ta 1890 ta sa an hana shigo da barasar Turai yankunan da ba ta riga ta yaɗu ba, kuma Arewacin Nijeriya ya faɗa cikin wannan hani, wanda Dokar Giya ta 1917 ta ƙara tsarawa. Tun da kwalbar jin da ta cika kasuwannin Kudu ba ta halatta ga ɗan ƙasa a Arewa ba, sai ƙaramin soja da lebura da ɗan dako suka dogara ga abin da ake dafawa a bayan bariki.

Matar soja ba kamar matar manomi take ba. Yau tana Sakkwato, gobe an yi wa mijinta canji zuwa Kaduna ko Zariya, kuma ɗakin da take ciki ba nata ba ne. Randa mai nauyi da ake binnewa ba ta dace da irin wannan rayuwa ba. Abin da ya fara maye gurbinta shi ne garwar kananzir, mai cin galan huɗu, wato kusan lita 18, wadda kantunan Turawa suka baza ko'ina. Garwa ta yi amfani wajen ɗebo ruwa da jiƙo da awo, har ta zama ma'aunin ciniki, amma ta yi ƙanƙanta kuma ta yi sirantaka ga doguwar dahuwa.

Wanda ya kawo sauyi na haƙiƙa shi ne duro, wato gangar ƙarfe mai cin galan 44, kusan lita 200, wadda ake kawo fetur da baƙin mai da kwalta a ciki. Ya yawaita bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da motoci suka ƙaru aka kuma shiga aikin hanyoyi. Duro ba a gina shi don giya ba, sai an sarrafa shi, kuma a nan ne maƙeri ya karɓi aikin da magini ke yi a da. Ana sare shi biyu da kurfi da guduma, daga baya da wutar walda, a sami tukwane biyu, ko kuwa a cire murfin sama kawai a bar shi da tsawonsa. Ana lanƙwasa bakin a daddake don kada ya yanki hannu. Sa'an nan a cusa kara ko ciyawa a ciki a cinna wuta ta cinye ragowar mai, a goge da yashi da toka, a tafasa ruwa a zubar sau da yawa. Wajen zaɓe, an fi son wanda ya ɗauko man girki ko wani abin ci, sai wanda ya ɗauko fetur ko kananzir. Na kwalta yana da wuyar tsabtacewa. Mafi haɗari shi ne wanda ya ɗauko maganin ƙwari ko sinadarin masana'anta, domin ƙuna da guga ba su ba da tabbacin an raba shi da dafi.

Ribar duro a fili take. Rabinsa ɗaya yana ɗaukar abin da tukwane da dama za su ɗauka, yana tafasa da wuri, ba ya fashewa, kuma duwatsu uku sun ishe shi murhu. Saurin tafasar nan ya ƙara muhimmanci bayan farin 1972 zuwa 1974, lokacin da itace ya yi tsada a ƙasar Sakkwato. A daidai wannan zamani kuma masu saye sun ƙaru, domin garin ya zama hedkwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, a shekarar da kamfanin siminti na Kalambaina ya fara aiki, aka kuma kafa jami'a a 1975, ma'aikata suka yi ta zuwa daga sassan ƙasar nan. Injin niƙa ya sauke wa mata wahalar dutse, buhun algarara ya maye gurbin ganye wajen rufe tsiro.

Sai dai duro yana da nasa aibi. Gindinsa siriri ne, in aka yi sakaci da muciya gasara takan kama ta ƙone, warin ƙauri ya bi dukan dahuwar. Ba ya riƙe yisti, ba ya sanyaya abin da ke cikinsa. Mafi muni, tsamin burkutu yana cin ƙarfe, tsatsa ta narke a cikin abin sha. A Afirka ta Kudu tun 1929 likitoci suka bayyana wata cuta ta taruwar sinadarin ƙarfe a hanta, wadda daga baya aka danganta da yawan shan giyar gargajiya da aka dafa a gangunan ƙarfe, ko da yake bincike ya nuna gado ma yana da hannu a ciki. Wannan ne ya sa masu dafawa da suka san aikinsu suka raba aiki biyu: dahuwa a duro, ko a babbar tukunyar alminiyam irin ta gidan biki, tashi kuwa a randa. Wato randa ba ta mutu ba, an dai rage mata aiki zuwa inda babu mai iya maye gurbinta.

3.4 Jarka da Matsalar Rufi

A Turai an daɗe ana zuba giya a gangar katako, kafin a koma ta ƙarfe mai rufi gam wadda ake fitar da giya daga cikinta da matsin iska, abin da ya game mashayun Ingila a shekarun 1960. Wannan ganga tana yiwuwa ne saboda an tace giyar an kuma kashe ƙwayoyin da ke cikinta, ta zama ba ta motsi. Haka giyar kwalba take, irin Star da aka fara yi a Legas a 1949. Burkutu kuwa ana shan sa yana kan tashi, iska na fita daga cikinsa har a cikin ƙoƙon mai sha. In aka toshe shi gam zai kumbura mazubin ko ya yi tsartuwa da murfin, in kuma aka bar shi kwana biyu ko uku ya wuce shaye. Ko kamfanin Chibuku na Zambiya da Zimbabuwe, da ya mayar da irin wannan giya ta masana'anta, sai da ya bar ƙaramar huda a saman kwalin da yake zuba ta. Saboda haka tambayar mai burkutu ba ta taɓa zama wane mazubi ne zai adana shi ba. Tambayarta ita ce wanne zai kai shi ga mai saye yau.

A da tulu ne ke wannan aiki, a toshe bakinsa da ganye. Daga shekarun 1980 jarkar roba mai cin lita 20 ko 25, wadda aka gama amfani da man girkin da ke ciki, ta karɓe shi. Ana zaɓen mai kauri, a wanke maiƙon da toka da ruwan zafi, a guji wadda ta taɓa ɗaukar fetur domin roba tana riƙe wari, kuma ba a ɗaure murfin sosai. Bahon roba da babbar robar ruwa mai murfi suka shiga wurin jiƙo, a wasu gidajen har wurin tashi. Zamanin ya zo daidai da tsarin gyaran tattalin arziki na 1986, wanda ya sa giyar kwalba ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Wani abin lura a nan shi ne, da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, manyan kamfanonin giya dole suka koma ga dawa, hatsin da matan bariki suka riga su sanin sirrinsa da daɗewa.

Amma abin da ya ɗaukaka jarka a Sakkwato bai tsaya ga araha ba. Tun a kundin Final Kod na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, sashe na 403 ya sa hukunci a kan Musulmin da ya sha giya. A shekarar 2000, zamanin Gwamna Attahiru Bafarawa, Jihar Sakkwato ta bi sahun Zamfara wajen aiwatar da shari'ar Musulunci a fagen laifuffuka, aka rufe mashayu a cikin gari. Wurin da ya rage shi ne filin da ke ƙarƙashin ikon Gwamnatin Tarayya, wato kasuwar mami ta bariki, irin wadda ke Barikin Giginya. Wannan suna na mami ana danganta shi da Mammy Ochefu, matar wani soja da ta fara sayar da abin sha marar sa maye a barikin Inugu a 1959. A wajen shingen bariki kuwa, murhun laka mai tukwane uku ya zama shaida a kan mai shi, domin ba a ɗauke shi cikin dare, kuma randar da aka fasa a samame ta tafi da yistin shekaru. Rabin duro ana kife shi a ce na wanki ne. Jarka kuwa ana ɗaura biyu a bayan babur, kuma ba ta da bambanci da dubban jarkokin da 'yan garuwa ke turawa a kura a titunan garin kowace safiya.